Ramin da Makau Ya Cike da Hannunsa

A Tungar Kaɗe, kan hanyar da ta tashi daga Gummi ta nufi Bukkuyum, in ka tambayi wanda ya haƙa rijiyar masallacin Juma'a, za a ce maka Makau. Ta bakin kasuwa ma Makau, ta ƙofar gidan hakimi Makau. Sunansa na yanka Audu, amma ranar da aka haife shi ana maka ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai Makau ya bi shi, har ta kai in ka ce Audu sai ya waiga ya ga da wa ake.

Haƙar rijiya gado ya yi. Ubansa da kakansa duk a rami suka tsufa, shi ma yana da shekara goma sha uku aka ɗaura masa igiya a ƙugu aka zura shi. Gajere ne mai faɗin ƙirji, hannuwansa duk kanta, kuma a doron ƙasa ba shi da yawan magana. Amma bari ya shiga rami, sai ka ji shi yana waƙa, yana yi wa masu jan kwando tsiya. Yakan danƙi ƙasa ya shinshina, wani lokaci ya ɗora a harshe, ya ce saura gaba biyu a tarar da ruwa, kuma da wuya ya yi kuskure. An kira shi Anka, an kira shi Gwashi, har ƙauyukan bakin gulbi ya sha cin rani yana haƙa. Aibinsa ɗaya, in ma aibi ne: komai da zurfi yake auna shi. Ramin da bai kai gaba goma ba a wurinsa wasan yara ne, ruwan da rana ke gani kuma ba ruwan kirki ba ne. Haka ya tarar ana faɗa a gidansu, bai kuma taɓa samun dalilin musu ba.

Tungar Kaɗe kuwa sunan tunga kawai ya rage mata. Tun da aka yi tasha gari ya buɗe, aka gina mahauta, aka yi gidajen wanka da ban-ɗaki na haya. Duk ruwan da ya fito daga waɗannan wurare kwatami ɗaya yake bi ya gangara fadama, inda gida talatin da huɗu ke noman lambu da rani. Da wannan baƙin ruwa suke ba albasa da latas da tumatir, don ba su da wani. Kowace shekara sai gudawa ta zaga gidaje, wasu su ce iska ce, wasu su ce sauyin yanayi. Shekarar da aka ba mu jihar Zamfara amai da gudawa ya shigo da ƙarfinsa, ya ɗauki mutane da dama, ciki har da mijin Hure, ƙanwar Makau uwa ɗaya uba ɗaya. Ya bar ta da 'ya'ya biyar da fangali tara a lambu. Hure ta ci ɗamara ta shiga lambun da kanta, da shi take ciyar da su.

Bayan shekara biyu aka turo sabon duba-gari, Malam Bilyaminu, mutumin Anka, dogo siriri mai yawo da takarda naɗe a hammata. Ya zo da maganar da ta ba 'yan tasha dariya mako guda: wai za a kashe cutar da ke cikin ruwan kwatami ba da magani ba, ba da inji ba, da rana da gansakuka. Tafki uku za a haƙa a jere tsakanin gari da fadama, ruwa ya bi ta cikinsu ɗaya bayan ɗaya kafin ya isa lambu. Lokacin aikin rijiya ya fara ja baya, don injin burtsatse ya shigo ƙasar, saboda haka da hakimi ya ce Makau ne zai shugabanci masu haƙa, bai ƙi ba.

Ranar da aka buga turaku ana awo, Makau ya tsaya a inda za a yi tafki na uku, ya ce, "Malam, wanga na ukku, nawa kac ce zurhinai?"

"Iya cibiya, Baba Makau. Kada shi wuce."

"Iya cibiya? Wanga ai ba rami ba na, akushi na."

Bilyaminu ya yi dariya, ya tsuguna ya zana masa a ƙasa da tsinke. "Na hwarko shi za a yi mai zurhi, nan ƙazanta za ta kwanta. Na biyu a rage. Na ukku kuwa so nike rana ta kai hal ƙasanai. Gansakuka za ta hito, ruwan shi koma kore. In rana ta buge ta, sai ta sa ruwan shi yi kaihi kamar an jiƙa kanwa, ƙwayoyin cuta ba su iya zama ciki. Amma sai ruwan ya kwana goma ko hi yana tahiya sannu-sannu ƙarƙashin rana."

"Gansakuka," in ji Makau. "Wadda nika kankarewa bakin rijiya in zubar. Yau ita ta likita."

Duk da haka ya yi aikin, ya kuma yi shi yadda ya kamata, don Makau ba ya ha'inci ko a abin da ya raina. Ya sa aka daɓe ƙasan tafkunan da yumɓu, aka dandaƙe har ya yi sulɓi, kuma na ukun bai wuce cibiya da ko yatsa ɗaya ba. Aka saki ruwa. Mako uku tafki na uku ya koma kore shar kamar miyar kuka, wari ya ɗauke, har kwaɗi suka tare. Bilyaminu ya ɗebi ruwan a kwalabe ya kai ɗakin gwaji a Sakkwato, ya dawo bakinsa har kunne. Ya gargaɗi kowa cewa ba ruwan sha ba ne, ba na alwala ba ne, na shuka ne kawai, amma ga shuka ya yi.

Shekara biyu aka yi cikin alheri. Gudawar nan da aka saba da ita kamar haraji ta yi sauƙi, masu sayen kayan miya daga Gummi suka fara zuwa da mota har bakin lambu. Aka naɗa Makau mai kula da tafkunan. Kullum da hantsi yana can da dogon gora mai ƙugiya, yana kwashe kainuwa don kada ta rufe wa ruwan rana, yana sare ciyawar baki don sauro, yana roƙon Fulani su janye shanunsu. Aikinsa yake yi da amana, amma a gaskiya zuciyarsa ba ta taɓa sallamawa ba. In an yaba, sai ya nuna tafki na farko da haɓa, mai zurfin nan, ya ce shi ke aikin, sauran biyun ado ne. Koren ruwan nan kuwa ko hannunsa ya taɓa sai ya je ya wanke da sabulu har sau biyu.

A rani na uku aka tura Bilyaminu kwas Kaduna na wata huɗu. Bazarar shekarar ta zo da wuri, ta zo da zafin da tsofaffi suka ce sun manta rabonsu da irinsa. Rijiyoyin tasha suka ja baya, ruwan kwatami ya ragu, tafki na uku ya sauka daga cibiya zuwa gwiwa. Abin da ke fita ta magudanar lambu bai fi a ce ana tsiyaya buta ba. Maharazu sarkin lambu ya raba ruwan da kwana-kwana, amma kafin layi ya zagayo kan mutum shukarsa ta langaɓe.

Wata safiya Hure ta same shi bakin tafki, ta ajiye fartanya ta zauna a ƙasa. "Yaya, albasata na mutuwa tsaye. Kai da kas san inda ruwa shika kwana, kana kallon rana na shanye muna shi? Marayun ga mi za su ci?"

Maganar ta shige shi. Ya dubi tafkin nan shimfiɗe a rana ba murfi, ya ji takaici irin na mai sana'a da ya ga ana ɓarna a gabansa. Ko yaron da ya fara jan kwando jiya ya san ruwa a zurfi yake ɓuya, a inuwa yake daɗewa. Duba-gari ya yi karatu, an yarda, amma shekara nawa ya yi a rami? Makau ya gaya wa kansa cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Washegari ya zo da dagi da diga.

Ya datse kusurwar tafkin da ke kusa da lambu, ya kwashe ruwan, ya haƙa rami gaba biyu da rabi, zagayayye, bangonsa sumul. Sannan ya yi abin da kowane gwanin rijiya zai yi, ya buɗe wa ramin ido: ya ja kwalbati mai zurfi a ƙasan tafkin, tun daga inda ruwa ke shigowa daga tafki na biyu har bakin ramin, don ruwa ya zo kai tsaye kafin rana ta shanye shi. Ya rufe ramin da itace da zana, ya bar ƙofar guga, aka kafa jigo a kai. Kwana tara ya yi yana wannan aiki, kuma duk shekarun nan ba a ji shi yana waƙa kamar a kwanakin ba.

Ruwa ya taru, mai sanyi, garai-garai, ba ɗigon kore a ciki. Masu lambu suka yi ta sa masa albarka. Suka ce yanzu ne aka sami ruwa, wancan koren da ma haƙuri ake yi da shi. Da yake ido ya ga ruwan fes, mata suka fara wanke latas da tumatir a ciki kafin a kai kasuwa, mai jin zafi ya watsa a fuska, wani ma ya kurkure baki. Albasar Hure ta miƙe. Makau yana tafiya a gari ƙirji a gaba, yana jiran ranar da Bilyaminu zai dawo ya ga aikin manya.

Kwana goma sha bakwai aka yi, ciwo ya sauka. Ya fara daga gidan Maharazu, ya tsallaka maƙwabta, kafin mako ya zagayo gida goma sha ɗaya suna kwance da gudawa da zazzaɓi, har da wasu masu sayen latas a kasuwa. Hure ta fi kowa jin jiki. A bayan motar kasuwa aka kwantar da ita zuwa asibiti a Gummi, Makau na riƙe da kanta, idanunta sun faɗa, leɓunanta sun bushe. Leda bakwai ta ruwa aka ƙara mata kafin ta gane wanda ke kanta. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ko ɗaya ba, kuma har yau in an tuna wannan sai an ce alhamdu lillahi.

Jami'an lafiya suka zo suka toshe magudanar lambu da buhunan yashi da ƙaya, suka karkatar da ruwan zuwa kwazazzabo, suka sa aka tuge duk kayan ganye aka ƙone. Suka bar magana ɗaya a gaban hakimi: za a sake gwada ruwan bayan damina, don gwajin damina ba abin dogaro ba ne, ruwan sama ya tsarma shi. In ya fito da kyau, a buɗe. In bai fito ba, an rufe lambun Tungar Kaɗe ke nan har abada. Gida talatin da huɗu suka koma suna kallon fangalinsu babu komai sai toka.

A gari kuwa an riga an yanke hukunci. Koren ruwa ne ya yi ɓarna, da ma an faɗa. A majalisar tasha har ana cewa a rubuta takarda a cike tafkunan banza, a bar ramin Makau kaɗai, tun da shi ne mai ruwa mai kyau. Makau yana ji, yana gyaɗa kai, amma bai gamsu ba. Ya san ruwa ba ya tsami banza. Shekara biyu ana ban-ruwa da koren nan lafiya lau, ciwo bai zo ba sai bayan nasa ramin.

Bilyaminu ya katse kwas ya dawo. Ya zaga tafkin, ya ɗaga zanar ya leƙa, ya zura gora ya bi kwalbatin nan daga farko har ƙarshe. Makau na tsaye yana jiran faɗa, amma mutumin nan bai ɗaga murya ba, kuma wannan ladabi nasa Makau bai manta da shi ba har ya bar duniya. Cewa kawai ya yi, "Baba Makau, gobe da hantsi mu haɗu nan, ni da kai. Akwai abin da nika so ka duba mini, kai kas san tahiyar ruwa."

Da hantsi ya zo da kwano cike da bular wanki, irin wadda ake sa wa fararen kaya. Ya dama ta a bokiti, ya juye a bakin da ruwa ke shigowa tafki na uku. Suka koma gindin wata kaɗanya suka zauna, suna hirar rijiyoyin Anka, wace ce mai zaƙi, wace ce mai zartsi. Da aka kira azahar suka yi salla, Bilyaminu ya ce, "Jawo muna guga ɗaya." Makau ya kama jigo ya jawo. Ruwan da ya fito shuɗi ne.

Ya daɗe yana kallon gugan. Ya waiga ya dubi sauran tafkin, kore shar, ko alamar shuɗi babu. Ba sai an yi masa bayani ba, wannan karatunsa ne. Ruwan da ya kamata ya kwana goma yana rarrafe a rana cikin gansakuka, shi ya gina masa hanya ta ƙarƙashi, cikin duhu da sanyi, ya iso lambu tsakanin hantsi da azahar da duk cutar da ya ɗauko. Garin neman gira ya kusa rasa ido, idon kuwa Hure ce. Ya zauna a kan tudun ƙasar da ya fitar daga ramin, kunya da baƙin ciki suka rufe shi.

"Ba mugunta kay yi ba, Baba," in ji Bilyaminu. "Taimako kay yi niyya. Zan samo lebura daga Bukkuyum su cike shi, a daɓe, ba sai sunanka ya shiga takarda ba."

Makau ya girgiza kai. "Malam, in baƙi sunka cike shi, mutanen ga cewa za su yi hukuma ta rushe ramin kirki don hassada. Baɗi in anka yi zahi, wani shi ɗauko dagi shi sake wani, ko kana nan ko ba ka nan. Sun yarda da ramin ga don ni nig gina shi. Ba su barin shi sai sun ga ni nic cike shi."

Bilyaminu baƙo ne a wannan sana'a, bai san nauyin abin da ya ji ba. A gidan su Makau, da duk waɗanda suka koyi haƙa a hannunsu, mutum ba ya mayar da ƙasa cikin ramin da ya haƙa. In rijiya ta ƙafe a bar ta, in ta rufta wani ya cike. Wanda ya haƙa ta ba ya cike ta da hannunsa sai in ta ci rai ko ta nemi ci, kuma daga ranar ba mai sake kiran sa aiki, don an ce hannunsa ya yi ɗaci. Kowa a Tungar Kaɗe ya san wannan, har matan da ba su taɓa leƙa rami ba.

Da labari ya kai wa Hure, ta taso tana dafa bango, ko ƙarfin kirki ba ta yi ba. "Yaya, kada ka yi. Ni nis sa ka, ni niz zo ina kuka. Sunan Baba da na Kaka za ka turbuɗe cikin ramin ga? Bari baƙin su cike."

"Ke kin roƙi ruwa, ba ki roƙi ciwo ba," in ji shi. "Ni nas san rami, ni nib ɓata. Sunan Baba ba shi shayar da albasa, Hure. Koma ki kwanta."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya roƙi hakimi da liman da sarkin lambu su biyo shi, jama'a suka bi baya don jin ƙwaƙwaf. Ya sa Bilyaminu ya maimaita gwajin bula tun da safe, saboda haka da ya jawo guga kowa ya ga shuɗin da idonsa. Ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, a taƙaice, ba kwana-kwana. Ya ce koren ruwan nan da suke zagi shi ya tsare musu 'ya'ya shekara biyu, ruwansa mai kyan gani shi ya kwantar da su. Sannan ya tuɓe riga, ya yaye zanar, ya cika kwanon sarki da ƙasa ya juye a ramin. Ba ka jin komai sai faɗuwar ƙasa cikin ruwa. Wani tsohon abokin haƙarsa ya juya baya ya tafi, don ba zai iya kallo ba.

Ranar farko ya hana kowa taɓa shebur. Rana ta biyu Maharazu ya zo da kwandonsa, bai nemi izini ba, ya shiga ɗibar ƙasa, sauran masu lambu suka biyo shi ɗaya bayan ɗaya. Kwana huɗu aka cike ramin da kwalbatin, aka daɓe da yumɓu, Makau ya bi ƙasan tafkin taku-taku da gora yana awo, iya cibiya ko'ina. Damina ta sauka ta wuce, kowa ya tafi gona da zullumi a ransa. Makau kuwa ba ya fashin zuwa tafki. An sha ganin sa tsugune a baki ya ɗebi koren ruwan a tafin hannu yana kallo, kamar mai neman gafarar wanda ya daɗe yana yi wa kallon banza.

Al'ada ba ta yi masa rangwame ba. Daga wannan shekara ba wanda ya sake kiran sa haƙar rijiya, ko a Gwashi inda ya yi musu bakwai. Dagin da ya gada ya jingine a bayan ƙofa har ya yi tsatsa. Shekara tara ya ƙara yana kula da tafkunan nan kafin ƙarfinsa ya ƙare, kuma duk baƙon da ya zo kallo shi ke yi masa bayanin gansakuka, har ya fi duba-gari iya faɗa. Yaran da suka tashi a gidajen nan talatin da huɗu, waɗanda lambun ya ciyar ya tufatar, da yawansu ba su ma san abin da ya saya musu da sunansa ba. Mu da muka sani muna gode masa, Allah ya jiƙan Makau. Shi kuwa in hira ta yi daɗi, ranar da ya fi ambata ita ce ranar da aka buɗe magudana.

A shekarar da aka cike ramin, bayan an gama yankan gero ne, ruwan sama ya ɗauke da mako uku, aka ɗebi kwalabe aka kai Sakkwato. Kwana takwas ana jira, Makau ko abincin kirki ba ya ci. Rana ta tara Bilyaminu ya sauko daga mota a tasha, bai jira ya kai gidan hakimi ba, ya ɗaga takardar sama yana cewa ruwa ya yi kyau. Kafin la'asar duk fadama ta cika. An riga an gyara fangali an watsa iri, ana jiran ikon Allah. Aka janye ƙaya, aka ɗaga buhunan yashi, koren ruwa ya kama hanya.

A ƙa'idar lambu na sama ke fara sha, fangalin Maharazu ne farko, sannan a bi layi. Amma Maharazu ya tsaya riƙe da fartanya bai buɗe nasa ba. Na biye da shi ma bai buɗe ba. Ruwa ya wuce fangalin Hure, ita ma ta bar shi ya wuce. Makau ya rikice, yana bin ruwan da sauri yana cewa, "Ku buɗe mana! Mi kuka jira? Ɓarna za a yi!" Su kuwa suka ci gaba da bin sa a baya.

A can ƙarshen fadama akwai sabbin fangali goma sha biyu da aka share aka zuba wa taki. Ya sha ganin su daga nesa, ya ɗauka wani ne ya ƙara fili. Nan ruwan ya zo ya tsaya yana taruwa.

"Na wa na waɗanga?" in ji Makau.

"Kowane gida ya kawo kwandon taki da yini guda na aiki," in ji Maharazu. "Hakimi ya ba da wurin. Mun hana ka rami, ba mu barin ka hannu sake."

Makau ya dubi fangalin nan ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da ya shiga gaba ashirin cikin ƙasa ba gezau, sai ga shi hawaye na bin gemunsa a gaban mata da yara, bai ko share ba. Hure ta matso ta sa masa fartanyarta a hannu.

"Naka na, Yaya. Buɗe mishi, kai za ka hwara sha, sannan mu."

Bai taɓa ban-ruwa ba a rayuwarsa, sai da ta kama hannunsa ta nuna masa inda ake sara. Ya yi bisimilla ya sare bakin fangalin, ruwa ya shiga a hankali yana bin ƙasa. Gida talatin da huɗu suna tsaye da fartanyoyinsu a hannu, ba wanda ya motsa sai da na goma sha biyun ya cika.